Kyamarar dare a kan soron Sakkwato

Duk inda masu rubuta manhaja suka zauna hira bayan isha'i, ba a jimawa sai wani ya kawo zancen ɗora ƙaramar kwamfuta da kyamara a kan soro, ta kwana tana ɗaukar hoton sama. Kayan ba su da yawa, umarnin da za a rubuta ma bai kai layi hamsin ba. Sai dai masu farawa kan ƙare ƙarfinsu wajen gyaran manhajar da suka rubuta da harshen Python, alhali a garin nan abin da ke kashe aikin shi ne agogo, wuta, zafi, ƙura da dabbobin gida.

Abin da ake buƙata shi ne ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi 4, kyamarar HQ ta kamfanin, gilashi mai faɗin gani wanda zai kwaso sama daga gabas zuwa yamma, katin memori na GB 64, farin akwatin roba irin na masu wayarin, da murfin roba garai-garai mai kama da rabin ƙwarya. Umarnin ɗaukar hoto guda shi ne rpicam-still --shutter 20000000 --gain 8 --awbgains 1,1 --immediate -o hoto.jpg. Wannan miliyan 20 ɗin daƙiƙa 20 ce, don kyamarar tana raba kowace daƙiƙa gida miliyan. Wanda ya rubuta 20 kawai zai sami baƙin hoto ƙirin, ya ɗauka kyamarar ce ta mutu. Wanda kuma bai saka --immediate da --awbgains ba zai ga hoto ɗaya yana cin fiye da minti guda, saboda na'urar tana ta ɗaukar hotunan gwaji don daidaita launi. A tsohon tsarin Pi sunan umarnin libcamera-still ne.

Me ya sa daƙiƙa 20? Duniya na juyawa digiri 15 a awa, wato rubu'in digiri a minti. Da gilashi mai faɗin gani, motsin daƙiƙa 20 bai wuce ɗigo ɗaya ko biyu a hoton ba, taurari suna nan a dunƙule. In ka kai minti biyu za su fara jan wutsiya. Saitin gani da hannu ake yin sa: ka nufi tauraro mai haske ko jar fitilar dogon ƙarfen sabis na nesa, ka murza har ɗigon ya ƙanƙance, sannan ka liƙe zoben da salatif. Hoto ɗaya duk rabin minti na awa 10 hotuna 1,200 ne, kusan GB 5 a dare. Saboda haka tun ranar farko ka rubuta abin da zai riƙa goge na tsofaffin darare, in ba haka ba kati zai cika cikin mako biyu, aikin ya tsaya ba tare da ya ce uffan ba.

Yanzu agogo, inda na fi son a tsaya. Pi 4 ba shi da agogo mai batir. In wuta ta ɗauke ta dawo babu intanet, zai ci gaba daga lokacin ƙarshe da ya ajiye, ya buɗe idon kyamara da tsakar rana yana ganin dare ne. Maganinsa ƙaramin allon DS3231 mai batirin agogo, wayoyi huɗu kacal ake jonawa. Kada kuma ka ɗaure farawa da ƙarfe bakwai na yamma. A Sakkwato faɗuwar rana na yawo kusan awa guda cikin shekara, daga wajen 6:10 a ƙarshen Nuwamba zuwa wajen 7:10 a Yuli, kuma duhu na gaske sai rana ta nutse digiri 18, wato awa ɗaya da rubu'i ko kusa da haka bayan faɗuwarta. Bar Skyfield, laburaren Python na lissafin taurari, ya lissafa maka kowane dare. Yana aiki da fayil ɗin de421.bsp na hukumar NASA, mai nauyin kusan MB 17, wanda ya ƙunshi matsayin rana da wata da duniyoyi daga 1900 zuwa 2050. Sauke shi sau ɗaya ka ajiye, ba ya sake neman data.

Matsayin gari shi ne wgs84.latlon(13.06, 5.24), na arewa da farko, na gabas daga baya. In ka juya su, ka kai kyamararka cikin Kamaru, kuma manhajar ba za ta yi ƙorafi ba, amsa za ta ba ka mai kama da gaskiya. Haka batun lokaci. Skyfield da agogon duniya na UTC yake magana, mu kuma muna gaba da awa ɗaya duk shekara. Yi amfani da ZoneInfo("Africa/Lagos"), wanda ya zo tun Python 3.9. Masu tsohon pytz da ke cusa yankin kai tsaye cikin datetime kan sami ratar minti 13 ko 14 maimakon awa guda, don laburaren yana ɗauko agogon Ikko na kafin a daidaita lokacin ƙasa. Kuskuren minti 46 ke nan a ɓoye.

Wannan kuskuren ya fi ciwo a lissafin jinjirin wata, wanda shi ne abin da kowa ke fara tambaya a garin da ake jiran sanarwar fadar Sarkin Musulmi. Abubuwan da manhajar za ta fitar ranar 29 ga wata su ne lokacin haihuwar wata, faɗuwar rana, faɗuwar wata, tazarar da ke tsakaninsu, da nisan wata daga rana. In nisan bai kai digiri 7 ba, babu hasken jinjirin da ido zai kama. In watan bai yi awa 15 da haihuwa ba, ganinsa da ido tsirara ya yi kusa da abin da ba a taɓa tabbatarwa ba. Masanin taurari Bernard Yallop, a aikinsa na 1997, ya nuna lokacin da ya fi dacewa a duba shi ne bayan an ci kashi 4 cikin 9 na tazarar: in wata zai faɗi minti 45 bayan rana, to minti 20 bayan faɗuwar rana. Ka lissafa daga inda kake tsaye, wato ka haɗa earth da matsayin Sakkwato kafin observe. Wanda ya lissafa daga tsakiyar duniya zai ga watan ya ɗaga kusan digiri ɗaya sama da inda yake a zahiri, kuma a bakin sararin yamma digiri ɗaya ba wasa ba ne. Haka nan altaz() ba ya saka lanƙwasar da iska ke yi wa haske sai ka rubuta masa 'standard', ita ma kusan rabin digiri ce a can ƙasa.

Amfanin duk wannan shi ne a san inda za a kafa ido. Rana ba ta faɗuwa daidai yamma sai a Maris da Satumba, tana karkata har digiri 24 arewa ko kudu. Dunƙulen hannu in an miƙe shi kusan digiri 10 ne, da shi za ka auna daga inda ta nutse. Kada a ɗora tabarau mai hangen nesa a ido sai ta nutse gaba ɗaya. Manhaja dai ba ta ganin wata, kuma kalandar Hijira ta cikin waya galibi lissafin Ummul Kura ne na Saudiyya, shi ya sa takan saɓa da tamu da kwana guda.

Wuta kuwa, Pi 4 da kyamara na cin wajen wat 4 zuwa 5, dare guda kusan Wh 50. Pawa-banki mai 20,000 mAh a rubuce Wh 74 ne, abin da zai fito ta bakin USB da ƙyar ya kai asuba, kuma da yawansu kan yanke wuta na ɗan ƙyaftawa in NEPA ta kawo ko ta ɗauke. Yankewar nan ce ke lalata katin memori, don takan faɗa daidai lokacin da ake rubuta hoto. Ya fi kyau a haura da volt 12 daga batirin sola, a sauke shi zuwa 5.1 a cikin akwatin, dab da allon. Doguwar siririyar wayar USB tana shanye ƙarfi a hanya, da zarar ya sauka ƙasa da 4.63 sai Pi ya fara gargaɗi yana rage gudu.

Zafi ma haka yake sa shi. Daga digiri 80 yake fara ja da baya, kuma akwati rufaffe a kan soro cikin Afrilu, lokacin da inuwa kanta ta haura 40, zai kai shi can tun kafin azahar. Umarnin vcgencmd measure_temp zai gaya maka halin da yake ciki. Saka masa ƙarfen sanyaya da ƙaramar fanka, ka huda akwatin ta ƙasa ka rufe hudojin da gidan sauro, amma mafi sauƙi a kashe shi da hantsi a kunna da la'asar sakaliya. Da hunturu ƙura ce za ta kwanta a murfin. Kada a goge ta da busasshen tsumma, yashi ne zai kankare robar, duk tauraro mai haske ya fito da gashi. A fara zuba ruwa, sannan a shafa da laushin yadi. Ni a ganina sama ta fi kyau daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, damina ta wanke ta, hazo bai sauko ba. Kaza da 'ya'yanta na fitowa gabas da farkon dare a lokacin, tauraron arewa kuma yana nan digiri 13 sama da ƙasa duk shekara.

Sai kyanwa. Akwati mai ɗumi a daren Disamba gado ne a wurinta, za ka tashi da hotuna ɗari uku na gashin ciki. Dukanta ko korarta ba ya magani. Ɗaga akwatin a kan bututun ƙarfe mai tsawon mita ɗaya da rabi, nesa da katanga, kada a bar wani fili a gefen murfin da za ta zauna, sannan a ajiye mata kwali da tsohon bargo a lungun da iska ba ta bugawa. Wayoyi duk su bi ta cikin bututun roba, don 'yan kyanwa na tauna su, ɓera ma haka. In ta ƙone a baki ko ta ji ciwo, kada kowa ya ba ta farasitamol. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo na nan. Masu kiwon tattabaru kuma su nisanta kyamarar daga ɗakinsu, su ɗaura zaren kamun kifi biyu ko uku a saman murfin don hana sauka. Kashinsu in ya bushe a kan roba yana barin tabo.

Dabbobin nan suna shiga har cikin lissafi. Hanyar da aka saba gano tauraro mai wutsiyar wuta da ke gilmawa ita ce a debe hoto daga wanda ya gabace shi da laburaren sarrafa hoto na OpenCV, a nemi miƙaƙƙen layi. Jemage, fara da ƙwarin fitila duk suna barin layi, idon kyanwa kuma yana mayar da haske kamar tauraro. Tacewar ba wuya: abin da ya faɗo daga sama siriri ne, miƙaƙƙe, a hoto ɗaya tak yake fitowa, don bai cika wuce daƙiƙa ɗaya ba. In layin ya ci gaba a hotuna uku a jere, tauraron ɗan'adam ne. In ɗigo-ɗigo ne, jirgi ne. In ya lanƙwasa ko ya yi kauri, mai fiffike ne. In kuma fiye da kashi 30 cikin 100 na hoton ya canza lokaci guda, a jefar da shi, ko gajimare ne ko kyanwa ce ta hau. Daren 12 zuwa 13 ga Agusta, na ruwan taurari masu wutsiya da ake kira Perseids, yakan faɗa tsakiyar damina, gajimare ya cinye shi, saboda haka a shirya gwajin tacewar don irinsu da ake kira Geminids, daren 13 zuwa 14 ga Disamba, a wanke murfin da yammacin ranar, a bar kyamarar har bayan ƙarfe biyu na dare lokacin da suka fi yawa.