Kawu da ruwan Siwa

Siwa, daren Laraba

Jagoran namu ƙarfe bakwai yace mu fito, shi kuma bai iso ba sai wajen takwas, muna tsaye ƙofar masauki sanyi na kaɗa mu, dan safiyar nan ba wasa, Kawu ya naɗe kansa da rawani ya zura hannu cikin babbar riga yana ta mita wai shi ya zo Masar ganin likitan gwiwa ne, gashi na kwaso shi na kawo shi bakin iyakar Libiya kallon kayan Fir'auna. Gaskiyarsa ne ta wani ɓangaren. Likita ne ya bamu hutu kafin sakamakon gwaji ya fito, ni kuma na gaji da ganinsa zaune a ɗaki a Alƙahira daga carbi sai rediyo, shi ne na biya mana kuɗin yawo na wani kamfani, muka kwana a bas, muka biyo ta Marsa Matruh, daga nan kusan kilomita 300 ba komai sai fili da shingen sojoji ana duba fasfo. Jiya dai barci kawai muka yi.

Mu bakwai ne a tawagar, wasu Turawa miji da mata, wani Balarabe ɗan Iskandariyya da matarsa da ɗansu, sai mu. Jagoran yana yi da Turanci ya juya ya yi da Larabci, ni kuma in juya wa Kawu da Hausa, kafin maganar ta iso kansa an riga an wuce gaba.

Shali muka fara zuwa, tsohon garin da ke tsakiyar kasuwa. Wajen 1203 aka fara gina shi, da wani abu da suke ce wa karshif, wato dunƙulen gishiri ne haɗe da laka da suke haƙowa bakin tafki, a yi rufi da gungumen dabino. Gida kan gida, lungu kan lungu, dan tsoron mahara yasa ba a yarda kowa ya yi gini a waje ba sai dai a ƙara hawa sama. A 1926 aka yi ruwan sama na kwana uku a jere, garin ya narke. Narkewa fa ta gaske, tunda gishiri ne. Kawu ya ɗaga kai ya kalli kangayen yace wannan ai suri ne, kuma wallahi ba wanda zai faɗe shi fiye da haka. An gyara wani sashe da kuɗin Tarayyar Turai, an buɗe a 2020, tsohon masallacin kuma yana nan da hasumiyarsa mai faɗin gindi da tsukakken kai. Na ga Kawu ya ɗan karce bango da farce ya kai baki. Yace tabbas gishiri ne. Daga nan ne naga ya fara sakin jiki.

Saman Shali kana hango komai, dabino da zaitun kore shar, can gefe tafkuna suna ƙyalli, bayansu yashi har ƙarshen gani. Jagora yana nuna inda ya fi kyau a tsaya a yi hoto, Kawu kuwa tambayarsa ɗaya, ina wannan ruwan yake fitowa a garin da ba damina, kuma ina yake zuwa. Na tambayar masa. Jagora yace daga ƙasa, ya tafa hannu yace yalla yalla mu sauka lokaci na tafiya. Mutumin da ya shekara talatin yana noman rani a ce masa daga ƙasa.

Sai Dutsen Matattu, Jabal al-Mauta, wani tsauni ne da aka ɓuɓɓule shi kaf da kaburbura tun zamanin daular Fir'aunoni ta 26 har zuwa na Girkawa da Rumawa. Kawu yace shi ba zai shiga kushewar kowa ba, ya samu inuwa ya zauna wajen mai gadi. Ni na shiga na Si-Amun, wanda ya fi su duka suna. Ɗan ɗaki ne dogo, sai ka sunkuya, amma fentin jikin bangon kaman ba shekara dubu biyu da ɗori ba, ga mutumin an zana shi da gemu da gashi mai lanƙwasa irin na Girkawa amma yana bautar gumakan Masar, a rufin kuma an zana wata mace ta miƙe daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ita ce sama a wajensu. Abin da ya tsaya min shi ne yadda aka gano shi. Lokacin yaƙin duniya na biyu jiragen Italiya suna jefa bam a garin, mutane suka gudo da iyalansu suka fake cikin ramukan nan, a nan ne a 1940 aka ci karo da kabarin. Ka ga rayayyu sun kwana gidan matattu dan su tsira. Akwai wuraren da aka yanke zanen aka tafi da shi, sojojin wancan lokacin ne suka ɗauka tsaraba, gurbin yana nan fari fat. Da na fito na tarar da Kawu da mai gadi suna shan shayi a ɗan ƙaramin kofi, ba mai jin yaren wani, amma suna ta nuna dabino suna gyaɗa kai.

Tsohon ƙauyen Agurmi ne inda jagora ya buɗe murya sosai, dan nan ne kasuwarsa. Kan wani dutse akwai ɗakin bautar gunki Amun wanda aka gina zamanin Fir'auna Amasis a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wurin duba ne da ya yi suna har ƙasar Girka, sarakuna na aiko wa a tambayar musu. A 331 kafin haihuwar Annabi Isa Iskandar sarkin Makidoniya ya keto hamada daga bakin teku ya zo da kansa, bokayen suka gaishe shi a matsayin ɗan Amun, ya shiga can ciki shi kaɗai ya yi tambayoyinsa, abin da aka gaya masa kuwa bai faɗa ba, an ce ya rubuta wa uwarsa cewa sai sun haɗu zai gaya mata, kuma basu haɗu ba ya mutu a Babila a 323. Kawu ya taɓa ni yace ko shi ne Zulƙarnaini? Nace Kawu malamai sun yi saɓani, da yawa sun ce ba shi bane. Yace ai dama, wanda ya yi tafiyar kwana da kwanaki zuwa wajen boka. Na yi dariya har Baturiyar nan ta juyo, ban fassara mata ba. Ɗakin kansa ƙarami ne ƙwarai, in ba a gaya maka ba sai ka wuce shi. Sai labarin Kambisis sarkin Farisa da Hirodotus ya rubuta, wai ya turo mayaƙa 50,000 su rushe wurin guguwar yashi ta binne su a hanya, jagora ya bada shi da hannu da ƙafa kaman a gabansa aka yi. Ƙasa kaɗan akwai Umm Ubaida, wani ɗakin bautar Amun ɗin, bango ɗaya tak ya rage a tsaye, wani jami'in gwamnati ne ya sa albarushi ya fasa sauran a shekarun 1890 dan yana neman dutsen gini.

Abin da jagora bai faɗa ba, kuma ni shi nafi so Kawu ya ji, a da can garin nan zango ne na ayarin alhazai da fatake masu zuwa daga yamma, ta Fezzan da Aujila a Libiya su faɗo Siwa su huta kafin Alƙahira. Akwai wani Bajamushe Hornemann da ya ratsa nan a 1798 cikin ayarin masu komawa daga Makka, ya ɓad da kama a matsayin Musulmi, labarin da ya iso daga baya shi ne ya kai har Katsina ya mutu a ƙasar Nufe. Kawu yace kai, Katsinarmu? Nace ita. Sannan mutanen garin ba Larabci ne yarensu na gida ba, nasu ɗan'uwan na Buzaye ne, in suna magana tsakaninsu Balaraben Iskandariyya ma zuru yake yi.

Wankan Kilopatra ba wani abu bane da zan ɓata tawada, wani zagayayyen idon ruwa ne da aka ɗaure da dutse, ruwan garau yana ɓulɓulowa daga ƙasa, an kewaye shi da shagunan lemo da kayan tsaraba, kuma ba wata hujja cewa sarauniyar Masar ɗin ta taɓa taka garin, suna ne kawai na jan baƙi. Jagora ya bada minti arba'in. Ina waigawa ba Kawu. Hankalina ya tashi dan ko lambar masauki bashi da ita, sai na hango farar rigarsa can cikin dabino, ashe ɗan magudanar da ke fita daga idon ruwan ya bi yana dogara sanda har ya faɗa gonar wani dattijo. Na tarar da su tsugune bakin kwalbati, dattijon ya toshe wani ɓangare da laka da tsumma ya buɗe wani, ruwa na kwarara cikin fangali ɗaya bayan ɗaya. Na yi sallama na bada haƙuri, yace ba komai baƙo ne, ya shimfiɗa mana buhu ya kawo dabino cikin kwandon kaba, lokacin girbi ne yanzu, wani mai laushi yana naso a hannu.

A nan ne Kawu ya samu amsarsa, ni kuma na zama tafinta har bakina ya bushe. Ruwan na can ƙarƙashin ƙasa ne tun zamanin da hamadar nan ke samun ruwan sama, tafki guda ne a ƙasa da Masar da Libiya da Sudan da Chadi suke zaune a kai, shi yake ɓullowa da kansa, kuma kowane ido an raba shi tsakanin masu gonaki, kowa da lokacinsa, in naka ya cika ka toshe ka sakar wa na gaba. Kawu yace to ku kam Allah ya gama muku. Dattijon ya girgiza kai yace ruwan ne ma ciwonsu. Garin a kwari yake, ƙasa da matakin teku da kusan mita 18, duk abin da aka ba gona ya rage bashi da mafita sai ya gangara tafki, gashi da aka samu injin haƙa kowa ya haƙa rijiya ruwa na zuba dare da rana ba mai rufewa, tafkuna suka cika suka fara cin gonaki, gishiri ya taso ya kashe dabino. Ya tashi ya kai mu ƙarshen gonar ya nuna mana, wasu dabinai a tsaye ba kai, gindinsu fari da gishiri, ƙasan in ka taka tana ƙaras ƙaras. Yace na ubansa ne. Yace gwamnati ta toshe rijiyoyi da dama abin ya ɗan yi sauƙi. Kawu ya daɗe shiru, sannan yace in gaya masa shi a wajensu rijiya ce ke ƙafewa tun kafin albasa ta nuna. Dattijon ya yi dariya yace su yi musaya.

Jagora ya iso yana huci wai mun ɓata wa mutane tsari. Na bashi haƙuri dan aikinsa ne, amma raina bai so yadda ya ko kalli dattijon ba, alhali duk yinin nan ba wanda ya gaya mana abu mai amfani kamarsa. Kuɗin da muka biya na Iskandar da Kilopatra ne, na sani.

Bayan azahar aka kai mu ramukan gishiri, inda ake haƙar gishirin sayarwa ruwa ya taru a gurbin, shuɗi tas bakin kuma fari. Na shiga. Ba ka nutsewa ko ka so, ruwan ne ke ɗaga ka, amma duk inda kake da ɗan ƙurji ko yankan aski sai ya gaya maka, ɗigo ɗaya ya faɗa min ido na ga taurari, direba ya zo da jarkar ruwan daɗi ya sheƙa min. Kawu ya naɗe wando ya tsoma gwiwar tasa, yace ko ba komai kada a ce ya zo bai gwada ba. Faɗuwar rana a tsibirin Fatnas an ce ba a bari, mun je, da kyau, sauro ma da yawa.

Yanzu rigimar da muke ciki ita ce Kawu ya rantse sai ya koma gida da irin dabinon nan. Dattijon ya gaya masa ƙwallo baya fitar da irin uwarsa, kusan rabi ma maza ne basa haihuwa, sai dai a cire ɗan da ke tsirowa a gindi a dasa, kuma ko ya girma sai mutum ya hau ya yi masa barbara da hannu. To Kawu ɗan gindin yake so. Nace Kawu ba za a bar ka ka hau jirgi da bishiya ba, yace ai a cikin bargo zai naɗe ta, nace na'ura zata gani, yace kai dai ka cika tsoro tun kana yaro. Duk da haka ƙwallayen da muka ci ya tattara su kaf ya ƙulle a hankici. Gobe da rana za a shiga yashi da Land Cruiser zuwa Bir Wahid, wani idon ruwa a tsakiyar hamada, an karɓi fasfo ɗinmu tun ɗazu dan yanko izinin jami'an tsaro, shi kuma yace shi ba inda zashi, in kai shi wajen abokinsa da safe in dawo in ɗauke shi da magariba. Na tambaye shi da wane yare zasu yi hira yace wannan ba matsalata bace.