Ƙwaya takwas ba su ishi mai gina gem ba

Ƙarshen makon nan zan bar kamfanin gina gem ɗin da na shekara uku ina aiki, kuma cikin duk abin da ya faru a tsakani, wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne sayen kwamfutoci shida da aka ɗora mini a tsakiyar 2022.

A lokacin mun yanke shawarar komawa Unreal Engine 5, manhajar da ake gina gem a kanta, wanda ya fito a watan Afrilun shekarar, kuma tsofaffin injinanmu sun fara gazawa. Oga ya ce in rubuto abin da za a saya. A watan nan ne kuma AMD ta saki firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai suna Ryzen 7 5800X3D, kowa yana maganarsa: ƙwaya takwas, wato sassan da ke aiki a cikinsa, da ma'ajiyar kusa, wadda ke riƙe masa bayanai a cikin jikinsa, mai megabait 96, ninki uku na wadda ke cikin 5800X. Na kwana biyu ina duba gwaje-gwajen gudu, duk inda na leƙa shi ne a sahun gaba wajen yawan firem, wato hotunan da gem ke nunawa a daƙiƙa. Na ce a raina, mu da gem ne sana'armu, ai wanda ya fi kowa iya gem shi ne namu. Na rubuta shi sau shida, na sa RAM, ma'ajiyar aikin da ake kan yi, gigabait 16 a kowace, sauran kuɗin na tura wa katin hoto. Oga ya duba, ya sa hannu.

Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, waɗancan gwaje-gwajen na mai buga gem ne. Mai ginawa ba ya wuni yana bugawa. Wuninsa yana tafiya ne wajen haɗa kod, wato mayar da rubutattun umarni su zama manhaja mai gudu, da jiran sheda, wato ƙananan manhajojin da ke gaya wa katin hoto yadda zai zana haske da launi, da gasa haske, wato lissafa shi tun kafin a buga, da ƙunshe gem ɗin don gwaji. Duk waɗannan ayyuka ne da ake yayyankawa a raba wa ƙwayoyin firosesa, kowace ta ɗauki nata. Mai ƙwaya goma sha shida yana cin su bibbiyu inda mai takwas ke cin ɗaya. Babbar ma'ajiyar da na biya dominta tana taimakon gem idan yana gudu, amma a wurin haɗa kod ba ta cike gurbin ƙwayoyin da babu. Ryzen 9 5950X kuwa, mai ƙwaya 16, yana kasuwa tun Nuwamban 2020, kuma yana hawa soket, wato mazaunin firosesa, iri ɗaya da 5800X3D, na AM4. Yana gabana, na tsallake shi don ya ɗan zo ƙasa a jadawalin firem.

Ba na manta safiyar da abin ya bayyana. Wata abokiyar aikinmu ta taɓa babban kayan zane guda ɗaya wanda kusan komai na gem ɗin ya dogara da shi. Sai ga ɗan akwatin nan a kusurwar allo yana ƙirga dubban sheda da suka rage. Fanka ta ɗauki kuka, linzami ya fara tsalle-tsalle, ita kuma ta naɗe hannu tana kallon lambar tana sauka a hankali kamar ɗigon ruwa. Ta juyo ta ce, “Malam, wannan ce sabuwar?” Ba da gatse ta faɗa ba, tambaya take da gaske, kuma hakan ya fi yi mini ciwo.

Masu rubuta kod sun fi shan wuya. Ka gyara layi ɗaya a fayil ɗin da sauran ke kira, a sake haɗa rabin aikin. Kafin ya gama, abin da ke kanka ya tashi. Mutum ya fara tara gyare-gyare goma kafin ya gwada sau ɗaya, don gudun jira, kuma daga nan kurakurai ke samun wurin ɓuya.

Da aka makara da wata guda a kan alƙawarin da muka yi wa mai ba da kuɗi, aka kira taro. Oga ya ce a gaban kowa, “An saya mana injin wasa, ba na aiki ba.” Bai kalle ni ba, amma kowa ya kalle ni. Na so in ce, “Yallaɓai, sa hannunka yana ƙasan takardar,” na haɗiye. Kuskuren nawa ne, ban taɓa musu ba. Sai dai shi ya fi ni daɗewa a harkar da shekaru, takardar ta kwana uku a teburinsa, kuma tambaya ɗaya daga gare shi da ta wadatar. Har yau ina ganin shugaban da ya amince da abu a ɓoye bai kamata ya barranta da shi a fili ba.

Gyaran ma ni na nemo. Tunda soket ɗaya ne, muka cire firosesa a injinan masu kod uku muka sa 5950X, ba tare da sauya babban allon da firosesa ke zama a kai ba. Na zaci an gama, sai saurin bai kai yadda na yi tsammani ba. Da na karanta bayanan da manhajar haɗa kod ke fitarwa, sai na ga tana ware wa kowane aiki kimanin gigabait ɗaya da rabi, kuma idan RAM ta gaza sai ta rage yawan ayyukan da take yi lokaci guda. Ƙwaya 16 na son gigabait 24 a sake, mu kuwa 16 ne gaba ɗaya, ga edita, manhajar da muke tsara gem a ciki, a buɗe tana cin nata. Rabin ƙwayoyin zaman banza suke. Da muka kai RAM 64, sai ƙirgen ya fara sauka da gudu, ofis ya yi tsit irin na mutanen da ke aiki.

Sauran ukun na bar su yadda suke, kuma ina kan bakana a nan. Mai tsara filin wasa yana wuni ne cikin edita yana yawo yana gwadawa, kuma wannan aikin ya fi jingina da saurin ƙwaya ɗaya ko biyu. A wurinsa 5800X3D bai da laifi. Firosesan kirki ne, ni ne na ba shi aikin da ba nasa ba.

Akwai wani abu da ya zo daga baya. Gem ɗinmu yana gudu sumul a kan waɗannan injina uku, har muka ɗauka mun iya. Da aka ɗora shi a kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi, sai ya riƙa sarƙewa. Firem sittin a daƙiƙa yana nufin kowane firem yana da milisakan 16.7 kacal, kuma babbar ma'ajiyar nan ta daɗe tana rufa wa sakacin kod ɗinmu asiri. Tun daga nan na ajiye tsohuwar kwamfuta mai ƙwaya huɗu a kusurwa, babu abin da ke fita sai ya bi ta kanta.

Ga sauran abin da na koya: kada a yi rowar abin sanyaya firosesa, zafi na sa shi ya rage gudu da kansa. Aikin ya zauna a faifan ajiya mai sauri, irin NVMe. Kafin a saya, a ari inji ɗaya a haɗa ainihin aikin a kai, a riƙe agogo.

Wannan na ƙarshen shi na rubuta a saman takardar da na bar wa wanda zai gaje ni. Tsohuwar kwamfutar gwajin kuma na liƙa mata takarda a gefe cewa kada a ɗaga ta daga wurin.