Abin da na koya a shagon manna gilashin waya

Watan nan na bar shagon da nake manna gilashin waya a kasuwar waya ta Kano, amma har yanzu maganar wata mai ƙosai ta ƙi fita raina. Ta zo da wayarta duk maiƙo ta ce tana son gilashin da hannu ba ya ɓatawa, oga ya ɗauko na arha ya ɗiga masa ruwa a gabanta, ruwan ya dunƙule ya gangare, ya ce "Hajiya kin gani ai, ko mai ba ya zama a kai." Ni ya miƙo wa na manna. Ba a jima ba ta dawo sikirin duk shatin yatsa, sai oga ya juyo kaina a gaban mutane wai ni na goge da sifirit na kashe rufin da ke korar maiƙo a saman gilashin, ya kuma zaftare kuɗin a sallamata. Wallahi ƙyalle kawai na sa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne oga ya sani sarai. Korar ruwa daban, korar mai daban, na farko a kwali ake rubuta masa haidirofobik, na biyu oliyofobik, kuma na biyun ya fi wahalar samu nesa ba kusa ba saboda ruwa da kansa yana son dunƙulewa, ƙarfin fatarsa, wato ƙarfin da ke jan samansa ya haɗe wuri ɗaya, wajen 72 ne a ma'auni, na man girki kuwa wajen 30, shi ya sa mai ke shimfiɗewa a inda ruwa ya gangare. Rufin gaske sinadari ne mai fulorin, dangin Teflon ɗin kaskon da ba ya kamu, siriri ne sosai ido ba ya ganinsa, Apple ma a 2009 ta fara sa shi a iPhone 3GS. Kuma ko shi ba ya hana yatsa fita gaba ɗaya, ragewa yake yi, shafa ɗaya da ƙyalle ya tafi. Da alƙalamin maka ake gwadawa, in ka ja layi tawadar ta tsinke ɗigo-ɗigo to akwai rufi.

Sauran kam a taƙaice: rufin yana cinyewa da yawan shafa, kada a yi wa kowa alƙawarin har abada. 9H ɗin da ake rubutawa a kwali ma'aunin taurin fensir ne kawai, yashi zai kwarzane gilashin. Duk kayan da na sa wa hannu da kaina ina gwada su a gaban mai su, kuma kwastomomin da suka san haka tun kafin na buɗe teburina suke kirana.