Kwana Huɗu Bayan Beryl, Na Koma Ƙarƙashin Teku

Talata, 9 ga Yuli, 2024

Kunnena na hagu har yanzu a toshe yake, kafaɗuna kuma sai tsami suke saboda nauyin tukunyar iskar da nake goyawa in zan yi nutso. Amma bari in rubuta kafin barci ya sace ni.

Da asubahin Juma'a guguwar Beryl ta afka wa gaɓar Meziko kusa da Tulum, mu da ke tsibirin Kozumel muka sha iska da ruwan sama daga gefenta. Kowa ya tsure kafin ta iso, don an ga yadda ta yi wa tsibirin Kariyaku na ƙasar Girenada kaca-kaca ranar 1 ga wata. Allah ya sa ta zo mana da sauƙi. Ko da aka bar ƙananan jirage su koma fita, ban yi gaggawa ba, na ce bari ruwa ya ɗan kwanta. Yau dai haƙuri ya ƙare.

Mu takwas ne a jirgin. Jagoranmu dattijo ne, rana ta ƙone masa wuya, ba ya son dogon zance. Abin da ya ce kawai shi ne kada mu sa ran ganin abin da muka saba gani, kuma kowa ya manne wa abokin nutsonsa. A hanya sai ganyen kwakwa da ciyawar teku da robobi ke yawo a kan ruwa.

Palankar muka fara, wani wurin nutso mai tsaunukan murjani a gefen tsibirin. Wanda ya san wurin nan ya san a ranar da ruwa ya yi garau ana hango abu daga nisan mita 30. Yau da na faɗa, sai na ga kamar na shiga hazo. Abokin nutsona yana gabana kaɗan, amma takalman iyonsa masu ruwan ɗorawa kawai nake gani sosai. Wani wurin kuma ruwan sai ya riƙa rawa a idona, har na ɗauka gilashin fuskata ne ya yi gumi. Ashe ruwan sama ne. Tsibirin nan dutsen farar ƙasa ne mai ramuka, babu kogi a kansa, ruwan da ya zuba sai ya nutse ya ɓullo ta ƙarƙashin teku, inda ya gamu da ruwan gishiri kuwa gani yakan dagule. Na kuma ji ɗan sanyi a bayana. Haka guguwa take, takan dama teku ta tono ruwan ƙasa mai sanyi ta kawo sama.

Da muka wuce mita 15 sai duniya ta buɗe. Manyan tsaunukan murjani suna nan daram, da ƙofofinsu da lungunansu, kamar ba a yi komai ba. Ƙarfin igiyar ruwa a sama yake, yana raguwa ne gwargwadon zurfi. Abin da ya canja shi ne yashi. Wata kafa da nake ratsawa a sake, yau ta cike har rabi, jagora ya yi mana alama mu bi ta sama. Gaba kaɗan kuma an share yashin tas, tsohon gindin murjani fari fat ya fito fili. Ruwa ya ɗauke mu ya yi arewa da mu kamar kullum, ba sai mun motsa ƙafa ba.

Nutso na biyu shi ne ya tsaya mini a rai. Wuri ne mara zurfi, mita goma ko ƙasa da haka, kuma nan ne aka ci duka. Murjanin nan mai kama da mafici ya yayyage, wasu an tumɓuke su da gindinsu. Sosunan teku masu dogon baki sun kakkarye. Wani ƙaton soso mai siffar ganga yana kwance a gefensa, ƙananan kifaye na shiga da fita cikinsa ko a jikinsu. Komai ya sha farar ƙura. Mutane da yawa suna zaton murjani dutse ne ko tsiro, alhali dabba ce, a jikinta kuma akwai ƙananan tsirrai da ke samar mata abinci da hasken rana. In yashi ya daɗe a kanta, ya tare hasken, ya kuma shaƙe ta.

Nan na ga wani reshe da ya karye, tsawonsa bai fi tafin hannuna ba, ya maƙale a tsagar dutse, launinsa bai ko dushe ba. Ban san lokacin da na miƙa hannu ba, wai in gyara masa zama. Sai na ji ƙwal! ƙwal! Jagora ne ke buga ƙarfe a tukunyarsa. Ya kaɗa mini yatsa. Kunya ta kama ni a cikin ruwa, inda ba halin ba da haƙuri.

A jirgi ya zauna kusa da ni, ba faɗa. Ya ce, "Wancan bai mutu ba. In ya samu dutse ya zauna, zai manne ya ci gaba da girma. Kai dai bar shi." Na san doka ma ta hana taɓawa, tun 1996 wurin yake gandun da gwamnati ke karewa, ga kuma cutar da ke cinye naman murjani wadda ta shigo yankin a 2018. Na sani sarai, hannu ne ya riga hankali. Da na ce masa ɓarnar ta ba ni tausayi, dariya ya yi. Ya ce ai ban ga guguwar Wilma ba, ta watan Oktoba na 2005, wadda ta zo ta yi zaman dirshan a kan tsibirin. Bai ƙara komai a kai ba, ya juya yana naɗe igiya.

Na manta ban faɗa ba: kafin mu taso mu tsaya minti uku a mita biyar, na leƙa ƙarƙashin wani dutse na ga kifin nan mai faffaɗan kai da zane-zane da gemu, wanda aka san Kozumel da shi. Yashi ya taru a ƙofar raminsa, shi kuwa yana ciki ya zuba mini ido, fuska a murtuke.

Na wanke kaya na shanya. Na sa sunana a jirgin jibi, in kunne ya buɗe. Na roƙi a sake kai mu wurin nan mara zurfi, ko da yake ban tabbata zan gane tsagar dutsen ba.