Auna numfashin harafin k a Kurmanci

Kalmar "kal" ce ta fara ɗaure mini kai. A Kurmanci, karin harshen Kurdawa da aka fi magana da shi a kudu maso gabashin Turkiyya, tana nufin dattijo, tana kuma nufin 'ya'yan itacen da bai nuna ba. Rubutu ɗaya ne, domin haruffan da masanin harshen Kurdawa Celadet Bedirxan ya tsara a 1932 ba su raba su ba. Amma abokina ɗan Mardin, wani birni a yankin, ya dage cewa kunnensa yana jin kalmomi biyu. Sai na ɗauko makirufo.

Abin da ake aunawa shi ne tazarar lokacin da ke tsakanin buɗewar baki da fara kaɗawar tantanin maƙoshi, ma'aunin da masana furuci Lisker da Abramson suka fito da shi a 1964. Kurmanci yana da hawa uku: g da maƙoshi ke kaɗawa tun kafin a saki iska, k mara huci (wato iskar da ke bin harafi bayan fashewarsa) mai gajeriyar tazara, da k mai huci mai doguwar tazara. Haka p, t da ç (mai sauti kamar c ɗinmu) suke.

Kuskurena na farko kunnen Bahaushe ne. Da na ji k mara huci, sai na rubuta ƙ, irin ta ƙasa da ƙofa. Da na buɗe sautin a Praat, manhajar nazarin sauti, ban ga ɗan shirun da ke bin fashewar ƙ ɗinmu ba. Wasalin yana manne da ita kusan nan take. Na yi kwanaki ina gogewa.

Na biyu ya fi ci mini rai. Na ba mutane jerin kalmomi su karanta, alhali da Turkanci aka koya musu karatu a makaranta. Suna ganin "kal" sai su tsaya, su furta yadda ta zo musu. Sai da na koma nuna hoto, su sa kalmar cikin jimla, sannan hucin ya fito sarai. Saƙonnin murya na WhatsApp kuwa na watsar da su duka, don matsewar sauti tana dusashe fashewar da nake nema.

Yanzu kowane harafi da ma'auninsa nake dubansa, tunda tazarar k ta fi ta p tsawo ko da babu huci. Aikin ç ne ya rage mini, inda huci da gogar iska suka cakuɗe.