Allura tana motsi, amma ƙarya take yi

Mitar auna haske ta farko da na ɓata wa saiti lokacin da nake koyon gyaran tsofaffin kyamarori, Gossen Lunasix ce. An ƙera ta don batir biyu na zaiba, irin PX625, mai ƙarfin bolt 1.35 kowanne. Irin batirin nan ya ɓace daga kasuwa saboda gubar zaiba. A Amurka dokar 1996 ce ta hana sayar da shi. Na samo wani irin batir da ake kira alkalin mai girma ɗaya, ya zauna daram, allurar mitar ta motsa, na ce shi ke nan.

Hotuna suka fito da duhu. Sabon alkalin bolt 1.5 yake bayarwa, sai mita ta ɗauka haske ya fi yadda yake. Na buɗe cikinta, na murɗa 'yan ƙananan sukurorin saiti har ta yi daidai da wata mitar zamani. Bayan 'yan watanni hotuna suka fara fitowa fari fat.

Maigidana bai yi faɗa ba. Cewa ya yi in ɗauko ma'aunin wuta in gwada batirin. Ya sauka ƙasa da inda na yi saitin. A nan na gane abin da ya sa masu ƙera mitocin suka dogara da zaiba: ƙarfinsa ba ya gusawa sai dab da mutuwarsa, don haka ba su sa wani abu mai daidaita wuta a ciki ba. Shi kuwa alkalin kullum gangarawa yake yi, ni kuma na ɗaure saiti a kan abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Yanzu batirin azurfa nake sawa. Bolt 1.55 ne, ya yi yawa, amma tsayayye ne, kuma ƙaramin diyod ɗin Schottky, wato wani ɗan kayan lantarki da ake sawa a hanyar wuta, yana rage kusan bolt 0.2, abin da adaftar MR-9, wadda ake cusa batirin a cikinta, ke yi ke nan. Batirin na'urar taimaka wa ji mai lamba 675 ma yana aiki, sai dai da zarar an ɓare takardarsa iska ta shiga, ya fara ƙarewa ko ana amfani da shi ko ba a yi. Wasu kyamarorin, kamar Pentax Spotmatic, bambancin bai dame su ba, yadda aka haɗa wayoyinsu ya shanye shi.

Saitin ma na daina yi a haske ɗaya. Ina ajiye kati mai ruwan toka, in gwada a tsakar rana, inda fim mai ISO 100 (ma'aunin saurin kama haskensa) ke neman buɗin idon kyamara f/16 da saurin ƙiftawa 1/125 na daƙiƙa, sannan in gwada a cikin ɗaki da magariba. Sau da yawa mita takan faɗi gaskiya a waje, ta kauce a ciki. Ita Lunasix ɗin, sai da na kwana biyu kafin na mayar da sukurorinta inda na same su, don ban sa musu alama ba.