Aikin auna kiriyatinin a ƙaramin ɗakin gwajin jini

Ina da ƙaramin ɗakin gwajin jini, kuma da wuya a wuni ba likitan da ya turo mana takardar neman a auna kiriyatinin. Wannan sinadari datti ne da tsokar jiki ke fitarwa kullum, ƙoda ta tace shi daga jini ta fitar da shi ta fitsari, saboda haka idan tacewar ta yi rauni sai ya taru a jini. A jikin babban namiji akan samu kimanin miligiram 0.7 zuwa 1.3 a kowace desilita (mililita 100) ta jini, a jikin mace kuwa 0.6 zuwa 1.1.

Hanyar da muke bi tsohuwa ce, domin tun a 1886 Bajamushe Max Jaffe ya gano cewa kiriyatinin yana rikiɗa zuwa launin ja mai ruwan lemo idan ya haɗu da sinadarin asid ɗin pikirik, kuma na'urarmu ƙarfin wannan launi take karantawa. Tana da araha, amma tana son kulawa. Ciwon shawara mai tsanani kan sa adadin ya fito ƙasa da yadda yake, haka nan jinin da aka bari ya daɗe ba a ware ruwansa ba yana iya ba da sakamakon da ba shi ne ba. Shi ya sa kowace safiya, kafin mu taɓa jinin kowa, sai mun auna samfurin da muka riga muka san adadinsa. Idan na'ura ta kauce, aiki ya tsaya har sai an daidaita ta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane ke ɗaukar lambar ita kaɗai. Matashi mai kaurin tsoka zai iya samun 1.3 alhali ƙodarsa lafiya lau, tsohuwa ramammiya kuma ta samu 1.0 alhali ƙodarta ta riga ta yi rauni, domin kiriyatinin na iya zama cikin iyakarsa har sai kusan rabin aikin ƙoda ya tafi. Wasu magunguna, irin su tirimetofirim (maganin kashe ƙwayoyin cuta), kan ɗaga shi ba tare da sun taɓa ƙoda ba.

Don haka ba ma sakin takarda sai mun haɗa da lissafin eGFR, wanda ke amfani da adadin kiriyatinin da shekaru da jinsi wajen kimanta ƙarfin tacewar ƙoda. Idan ya zauna ƙasa da 60 fiye da wata 3, likita yakan ɗauke shi a matsayin ciwon ƙoda mai daɗewa, ƙasa da 15 kuwa gazawar ƙoda ce. Masu ciwon suga da masu hawan jini nakan roƙe su da su nemi likita ya haɗa musu da gwajin furotin a fitsari, kuma su riƙa zuwa da tsofaffin takardunsu, domin sai an jera sakamakon bara da na bana ake gane ko ƙodar tana nan yadda take ko tana raguwa.